Buhun Junifa na Ettore

Barasa ake yi a gidanmu tun kafin a haifi kakana. Ba kowace iri ba, farar nan mai kama da ruwa da ake kira jin, wadda in ka buɗe kwalbarta ƙamshin 'ya'yan wani itace mai suna junifa ne zai fara dukan hancinka. Masana'antar tana unguwar Lambeth a London, a bayan layin dogo, da sunanmu a jikin bango: Tillyard. Ni ce Winifred, 'yar Ambrose Tillyard, kuma a cikin tururin tukwanen nan na jan ƙarfe na girma.

Kakan babana ne ya fara da tukunya ɗaya. Mai zaƙi yake yi, wadda ake kira Tsohon Tom, don a zamaninsa sai an zuba sukari kafin barasa ta shawu. Ɗansa ya cire sukarin ya fito da marar zaƙi, mutane suka ce ya haukace, amma ita ce ta yi suna har ta tsallaka teku. Daga baya aka ƙara wata mai ƙarfi saboda matuƙan jirgin ruwa, da wata ja da ake jiƙa wa 'ya'yan ƙayar shinge ana sayarwa da Kirsimeti. Babana tasa gudunmawar ita ce mai ɓawon lemo, wadda ya haɗa a shekarar da ya auri mahaifiyata. Bayan rasuwarta bai sake ɗanɗana ta ba, amma bai hana a ci gaba da yin ta ba.

Dukkansu gindinsu ɗaya ne: junifa. Su kirfa da saiwoyi da ɓawon lemo 'yan rakiya ne. Mu kuwa junifarmu daga hannun gida ɗaya take zuwa tun zamanin kakana, gidan Baldelli, a tsaunukan da ke saman Gubbio a Italiya. Duk kaka Baba yakan tafi can ya yi sati biyu ko uku, ya dawo ya yi ƙiba, fuskarsa ta yi ja, yana yi mana labarin abokinsa Ettore Baldelli da girkin matarsa Assunta.

Sai yaƙi ya zo. Italiya ta zama ƙasar abokan gaba, buhuna suka daina zuwa. Muka riƙa lallaɓa abin da ya rage a rumbu, da ya ƙare muka koma sayen duk abin da dillalai suka samo. Ire-iren barasar biyar suka koma ɗaya, ita ma ɗin Baba yakan shinshina ya kau da kai. Yayana Edmund, wanda shi ne zai gaji gidan, ya shiga soja. Ni kuma na bar ofis na koma ƙasa wajen tukwane, ƙarƙashin Barnaby Quill, tsohon da ke kula da su tun ina rarrafe.

A bazarar 1944 labari ya zo cewa Edmund ya mutu a Italiya. Baba bai yi kuka a gabanmu ba. Ya dai sa aka cire taswirar Italiya da ke bangon ofishinsa, kuma daga ranar babu wanda ya sake ambaton ƙasar a gabansa.

Ettore ya zo ne a cikin mugun sanyin nan na farkon 1947, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe London, kwal ya yi wuya har tukwanenmu suka mutu. Ina tsakar gida ina taya Barnaby naɗe bututun ruwa da tsumma, sai ga wani gajeren mutum a bakin ƙofa, da buhu a kafaɗa, kwat ɗinsa ba ta fi ta shan iska ba.

Barnaby ya miƙe, ya ƙura masa ido, ya ce, "Ko dai idona ne ya tsufa, ko kuma wancan Baldelli ne yunwa ta ci rabinsa."

"Rabin da ya rage ma sanyi zai ƙarasa," in ji mutumin, yana dariya haƙoransa na kaɗawa. Yana jin harshenmu, don yana saurayi ya yi shekaru a unguwar Clerkenwell a nan London wajen wani kawunsa mai shago. Ya dube ni ya ce, "Ke ce Winifred. Babanki ya nuna mini hotonki kina da kitso biyu."

Barnaby ya hau sama ya gaya wa Baba. Ina biye da shi.

"Ka ce masa ba na nan," in ji Baba.

"Yallaɓai, ga shi can yana kallonka ta taga. In na ce ba ka nan, sai ya ɗauka fatalwa muke yi wa aiki."

Baba ya ɗauki hularsa ya sauko. Ettore ya ajiye buhun, ya buɗe hannuwa biyu ya ce, "Ambrogio!" Haka yake kiransa tun da can.

Baba bai fitar da hannunsa daga aljihu ba. "Mista Baldelli. Ka sha hanya."

"Na sha. Amma na kawo maka na bara, daga gangaren da kake so. Ka shinshina kawai."

"Mun samu wasu masu kawo mana."

"Na ɗanɗana abin da kuke yi a mashayar tasha," in ji Ettore a hankali. "Ambrogio, wannan ba barasar gidanku ba ce."

"Ɗana ya mutu a ƙasarku," Baba ya ce. "Ba ni da sauran abin saye a can." Ya juya ya koma sama.

Ettore ya tsaya yana kallon ƙofar da ta rufe. Barnaby ya ɗauki buhun ya ce, "Bari in ajiye maka a ciki, kada ƙanƙara ta jiƙa shi. Ajiya ba saye ba ce, babu dokar da ta hana."

Na raka Ettore zuwa tashar bas, amma bas ba ta zo ba, sai muka shiga shagon shayin Misis Oddy. Ya riƙe kofin da hannu biyu yana ɗumama yatsu. Na ba shi haƙuri, na ce Baba ba haka yake ba.

"Na san yadda yake," ya ce. "Na san shi tun kafin ki san shi. Shi wutarsa a ciki take ci."

Na tambaye shi iyali. Ya ce Assunta tana nan, 'yarsu Pia ta yi aure. Na ce, "Nello fa?" Don na san yana da ɗa tsaran Edmund.

"An kai rundunarsu yaƙi Rasha. Wasu sun dawo. Shi bai dawo ba, kuma babu wanda ya san inda yake kwance."

Misis Oddy ta zo ta ƙara mana ruwan zafi a buta ba tare da mun nema ba.

Can Ettore ya ce, "Zan gaya miki wani abu, amma ki yi mini alkawari ba za ki gaya wa babanki ba, muddin ina garin nan."

Na yi alkawari.

Ya ce lokacin da faɗa ya wuce ta ƙauyensu, sojojinmu sun binne mamatansu a gefen wata gona, aka kafa wa kowa gicciyen katako. Wata safiya Assunta ta bi ta wajen za ta ɗebo ruwa, sai ta tsaya cak. Ba ta iya karatu sosai ba, amma akwai suna ɗaya da ta san siffarsa kamar fuskar ɗanta, domin shekara da shekaru ita ke ɗinke bakin buhunan da aka buga shi a jikinsu. Ta ruga gida ta kira shi. Ya zo ya karanta: E. Tillyard.

"Ta ce, 'Namu ba shi da kabari, wannan kuma ba shi da uwa a kusa.' Tun daga ranar take share wurin tana kai furanni. Da aka kwashe su aka mayar maƙabartar sojoji kusa da Assisi, ta yi fushi kamar an yi mata sata. Yanzu sai ta hau bas take zuwa, duk sanda ta samu dama."

Hawaye suka zubo mini cikin shayin. Na ce, "Kawu Ettore, don me ba ka gaya masa ba? Da ka faɗi wannan a tsakar gida, da yanzu kana ofishinsa gaban murhu."

"Shi ya sa ban faɗa ba. Junifa na zo sayarwa, 'yata. Ban zo sayar da kabari ba."

Ya sauka wajen 'yan uwansa a Clerkenwell. Da ya so ya koma gida a satin, amma jiragen ƙasa suka tsaya saboda ƙanƙara, ya maƙale a London. Bai sake zuwa masana'anta ba. Ni ce nake zuwa wajensa ranar Lahadi, in kai masa abin da na rage daga rabon abincina, su kuma su cika ni da taliya.

A wannan tsakanin ranar zaɓen junifa ta zo. Al'adar gidan ce: dillalai su aiko da samfur, a zuba kowane a ƙaramin faranti ba suna, Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murje 'ya'yan da babban yatsa yana shinshinawa. Wanda ya zaɓa, shi za a saya na shekara. Ni da Barnaby muka jera farantan a dogon teburin da ke kusa da tukwane. Ina kallo ya ƙara faranti ɗaya a tsakiya.

Na ce, "Barnaby, za ka jawo mana masifa."

"Ni? Hannuna ne ya zame. Tsufa ba daɗi, Winnie."

Baba ya sauko da kwat da mayafin wuya, numfashinsa na fita kamar hayaƙi. Ya murje na farko ya ce, "Ƙura." Na biyu, "An tsinke shi ɗanye." Na uku ya daɗe a kai, ya ce, "Ba laifi, amma ba shi da mai." Da ya zo kan farantin Barnaby, bai ma kai yatsan ga hancinsa ba ya tsaya. Man ya fito baƙi-baƙi a yatsansa, ƙamshin ya cika wurin duk da sanyin. Ya rufe ido ya shaƙa.

"Wannan daga bayan ƙaramin cocin su Baldelli ne," ya ce, ba da kowa yake ba. "Inda rana ke bugawa da yamma."

Na saci kallon Barnaby.

Ya buɗe ido ya dubi Barnaby. "Kai ka saka?"

"Ni ne, yallaɓai. In kora ce, a bari sai sanyi ya wuce."

"Shi ya fi duka," in ji Baba. "Ko yaro ya sani. Amma na uku za a saya." Ya goge yatsansa da hankici, ya ninke shi ya mayar aljihu, ya hau sama.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, jirage suka tashi. Na raka Ettore tashar Victoria. Na gaya masa abin da ya faru a teburin, ya yi murmushi ya ce, "To, hancinsa bai mutu ba. Wannan ma wani abu ne." Na tambaye shi yadda za a yi da buhun. Ya ce kyauta ce, a yi abin da aka ga dama da shi.

"Alkawarin fa?"

Ya yi tunani. "Yanzu babu ciniki a tsakaninmu. In kin ga zai sanyaya masa zuciya, ki faɗa. In zai ƙara masa nauyi ne, ki bar shi."

Na riƙe maganar har furanni suka fara fitowa. Wata Lahadi bayan abincin rana, Baba yana bayan gida yana datse itacen furen da mahaifiyata ta shuka, na fito na tsaya kusa da shi ina karɓar rassan. A nan na gaya masa, tun daga gicciyen katako har zuwa bas ɗin Assisi. Na gaya masa na Nello ma.

Almakashin ya tsaya a hannunsa.

"Nello," ya ce. "Shi ne yake riƙe mini jaki in za mu hau dutse. Kullum sai ya ce jakin ya fi ni jin Italiyanci." Ya juyo ya dube ni. "Ettore kuwa ya tsaya a tsakar gidana da wannan a cikinsa, na bar shi a cikin ƙanƙara. Me ya hana shi faɗa?"

Na maimaita masa amsar Ettore.

Baba ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Taurin kai. Duk gidansu haka suke." Ya ci gaba da datsa. Sai da muka gama, muna shiga gida, ya ce, "Ki binciko mini yadda ake samun takardar tafiya yanzu. Ta mutum biyu."

Ba a samu da wuri ba. Sai kakar shekarar da ta biyo muka tafi. Ettore ya tarbe mu a tasha da keken doki na aro. Su biyun suka tsaya suna kallon juna kamar yaran da aka tilasta wa shiri.

"Ka rame, Ambrogio."

"Kai kuma ka mayar da rabin da ka rasa."

"Assunta ce. Zo ta yi maka naka."

Baba ya fitar da hannunsa, Ettore ya ture hannun ya rungume shi. Hular Baba ta faɗi ƙasa, ni na ɗauka.

Washegari muka je Assisi mu huɗu. Assunta ce a gaba, gajera, baƙaƙen kaya, da furanni a cikin gwangwani. Ba ta duba layi ko lamba ba, kai tsaye ta nufi wurin. Ta durƙusa ta cire busassun furannin da ta bari, ta saka sababbi, tana magana ƙasa-ƙasa da Italiyanci. Na tambayi Ettore me take cewa.

"Tana gaya masa ya yi baƙi. Ta ce ya gyara zama, babansa ya zo."

A nan Baba ya yi kukan da bai yi ba a London. Muka ja baya muka bar shi. Da ya gama ya dawo wajenmu, ya tsaya gaban Assunta ya cire hula. Ɗan Italiyancin da ya iya duk ya gudu, sai ya ce wa Ettore, "Ka tambaye ta, in ba damuwa, ta ba ni labarin Nello. Tun daga inda na san shi."

A bas ɗin komawa ta ba shi. Ettore yana fassarawa, wani lokaci ya tsaya ya kalli taga, ita kuma ta zungure shi ya ci gaba. Ba su gama ba har muka isa gida, aka ƙarasa a kan tebur.

Kwana biyu bayan haka aka hau dutse tsinkar junifa. Ba da hannu ake yi ba, don itacen ƙaya ne tun daga ƙasa har sama. Shimfiɗa tsumma ake yi a gindinsa, a riƙa bugun rassan da gajeriyar sanda, nunannun su zubo, ɗanyun su zauna su jira wata shekarar. Ettore ya koya mini yadda ake bugu ba tare da an karya reshe ba. Baba ya ce shi ma a ba shi sanda.

"Ka zauna a inuwa, tsoho," in ji Ettore. "Kai aikinka shinshina."

"Na girme ka da wata uku kacal."

"Wata ukun ne matsalar."

Baba ya karɓi sandar Pia. Ya yi bugu biyu masu kyau, a na uku tsakuwa ta zame a ƙarƙashin takalminsa na birni, ya tafi gaba ɗaya cikin itacen. Sai da Ettore da mijin Pia suka jawo shi ta ƙafa. Bai karye ba, amma tafin hannuwansa duka biyu sun cika da ƙaya.

Assunta ta zaunar da shi a kan dutse, ta zare allura daga ƙirjin rigarta, ta kama hannunsa ta fara cirewa ɗaya bayan ɗaya, bakinta bai tsaya ba. Faɗa take yi masa kamar ɗan shekara biyar. Baba ba ya jin ko rabin abin da take faɗa, amma duk sanda ta ɗaga kai sai ya ce, "Gaskiya ne, uwargida."

"Ka san abin da ka amsa?" in ji Ettore. "Ta ce ba ka da hankali ko na akuya."

"To ai gaskiya ne," in ji Baba, ya miƙa mata ɗaya hannun.

Buhunan Baldelli sun iso Lambeth kafin Kirsimeti. Barnaby ya tsaya a kan tukunyar da kansa, da barasar farko ta fara ɗigowa ya tara a ƙaramin kofi ya miƙa wa Baba, shi kuma ya miƙo mini ya ce in fara faɗin abin da na ji. Sannu a hankali sauran ire-iren suka dawo, sai dai Tsohon Tom, da muka gwada muka tarar babu mai son zaƙi kuma. Baba bai sake iya hawa dutse ba, gwiwarsa ta hana shi. Daga shekarar da ta biyo, ni ce nake zuwa Gubbio duk kaka, in kwana a ɗakin Nello, kuma ranar farko ni da Assunta muke hawa bas.